Yadda Ake Girka Kwamfuta a Cikin Kwamfuta: Hanyar Gwada Linux Ba Tare da An Goge Windows Ba

Matasa da dama a kan wayar hannu suke fara koyon fasaha. A nan suke kallon darussan rubuta manhaja, tsaron intanet ko gina shafuka, har a kai ga darasin da malamin zai ce daga nan sai an buɗe Linux. A daidai wannan wurin ne tafiyar takan tsaya. Kwamfutar da ke gida guda ɗaya ce, Windows ce a kanta, kuma a cikinta akwai aikin makaranta, hotunan biki da takardun kasuwancin wani. Wanda ya yi gaggawar ɗora Linux a kanta kai tsaye, ya danna abin da bai fahimta ba, zai iya share komai cikin minti biyu.

Akwai hanyar da ta fi wannan aminci. Ana iya ƙirƙirar kwamfuta ta biyu a cikin ta farko, a ɗora mata babbar manhajar da ake so, a yi gwaji da ita, a lalata ta, a sake gina ta, ba tare da an taɓa ko fayil ɗaya na ainihin kwamfutar ba. Wannan ita ake kira virtual machine, ko VM a taƙaice.

Mece ce VM?

VM kwamfuta ce da manhaja ta ƙirƙira. Tana da masarrafa, tana da RAM, tana da ma'adana, tana da hanyar shiga intanet, amma duk aro ta yi daga kwamfutar gaske. Babbar manhajar da aka ɗora mata ba ta san cewa a cikin wata take zaune ba. Ita a ganinta kwamfuta ce sukutum aka ba ta.

Masana suna kiran kwamfutar gaske da mai masauki, wadda aka ƙirƙira kuma baƙuwa. Sunan ya dace. Kamar gida ne mai ɗakin baƙi: baƙon yana shan ruwan gidan, yana amfani da wutar gidan, amma ba ya da mukullin sauran ɗakuna. Manhajar da ke raba musu kaya, ta kuma tsare iyaka a tsakaninsu, ita ake kira hypervisor.

Fasahar ba sabuwa ba ce. Kamfanin IBM ya fara ta a manyan kwamfutocinsa tun a shekarun 1960, ya kuma fitar da VM/370 a 1972. Kamfanin VMware, wanda aka kafa a 1998, shi ya kawo ta kan kwamfutocin tebur a 1999. Daga baya Intel ya saka wa masarrafansa fasahar VT-x a 2005, AMD ya biyo baya da AMD-V a 2006, abin da ya sa baƙuwa ta samu damar yin aiki kai tsaye a kan masarrafa, da gudu kusan irin na mai masauki. A yau yawancin abin da ake kira girgije, wato sabobin da kamfanoni irin su Amazon da Google da Microsoft ke bayarwa haya, VM ne. Saboda haka wanda ya iya haɗa ta a gida ya riga ya taka matakin farko na wannan sana'a.

Me ake yi da ita?

Amfani na farko shi ne koyo. Mai koyon Linux zai yi kuskure, kuma gara ya yi shi a wurin da ba a asarar komai. Na biyu shi ne gwada manhajar da ba a yarda da ita ba kafin a ɗora ta a kan kwamfutar gaske. Na uku, tafiyar da tsohuwar manhajar da ba ta aiki sai a tsohuwar Windows.

Akwai kuma dalili na huɗu da ya taso kwanan nan. Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba ba Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, alhali Windows 11 tana buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0 da masarrafa sabuwa, galibi daga zubi na 8 na Intel zuwa sama. Kwamfutoci na hannu da yawa da ake saya a kasuwa ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba. Masu irin su suna tunanin komawa Linux, kuma VM ita ce hanyar ɗanɗana ta na 'yan makonni kafin a yanke hukunci. Gani ya kori ji.

Abubuwan da ake buƙata

Abu mafi muhimmanci shi ne RAM, domin duk abin da aka ba baƙuwa an cire shi ne daga rabon mai masauki muddin tana kunne. Kwamfuta mai 8GB za ta iya ba da 4GB ta zauna lafiya. Mai 4GB za ta iya ba da 2GB ga Linux mara nauyi, amma sai an rufe sauran manhajoji, kuma sai an yi haƙuri da nauyin jiki.

Sai ma'adana. A tabbatar akwai sarari aƙalla 30GB. Idan ma'adanar SSD ce, VM za ta tashi da sauri. Idan tsohon faifai ne mai juyawa, komai zai ɗauki lokaci.

Sai data. Manhajar VirtualBox ba ta kai 200MB ba, amma fayil ɗin Linux Mint ya kusa 3GB, na Ubuntu 24.04 kuwa ya kusa 6GB. Wanda zai yi amfani da hotspot na waya ya lissafa wannan tun da wuri, ya kuma bar wani kaso saboda sabuntawar da za ta biyo baya. Idan wani aboki yana da fayil ɗin, kwafa a filashi ya fi sauƙi, da sharaɗin za a tantance shi kamar yadda bayani zai zo.

Daga ƙarshe, wuta. Girkawar kan ɗauki minti 20 zuwa 40, kuma tana cin batir sosai. Kada a fara sai batir ya cika ko caja tana jone.

Mataki na 1: A duba ko masarrafa ta ba da dama

A Windows, a danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. A shiga Performance, a zaɓi CPU, a duba ƙasa wajen da aka rubuta Virtualization. Idan an ga Enabled, an gama da wannan mataki. Idan Disabled ne, sai an shiga BIOS.

Ana shiga BIOS ne ta hanyar kashe kwamfutar, a kunna, a yi ta danna wani maɓalli kafin Windows ta tashi. A HP galibi F10 ne, a Dell F2, a Lenovo ThinkPad kuma F1. A ciki sai a nemi Intel Virtualization Technology ko VT-x. A kwamfuta mai masarrafar AMD sunan yakan zama SVM Mode ko AMD-V. A mayar da shi Enabled, a adana, a fita. Kada a taɓa wani saiti daban a BIOS idan ba a san aikinsa ba.

Mataki na 2: A sauke VirtualBox

VirtualBox kyauta ce, kuma tana aiki a Windows, Linux da Mac. Wani kamfanin Jamus mai suna Innotek ne ya sake ta ga jama'a a 2007, Sun Microsystems ya saye shi a 2008, sannan Oracle ya saye Sun a 2010. Shi ya sa ake ganin sunan Oracle a jikinta. Akwai kuma VMware Workstation Pro, wadda ita ma ta zama kyauta tun 2024, amma VirtualBox ta fi sauƙin samu ga mai farawa.

A shiga shafin virtualbox.org kai tsaye, a zaɓi Windows hosts. A guji shafukan da ke tara manhajoji barkatai, domin sukan liƙa wa fayil wasu abubuwan da ba a nema ba. Yayin girkawa, manhajar za ta yi gargaɗin cewa intanet zai ɗauke na ɗan lokaci. Wannan ba matsala ba ne, amma kada a yi girkawar ana tsakiyar sauke wani babban fayil. Idan ta ƙi ci gaba tana neman Microsoft Visual C++ Redistributable, sai a sauke shi daga shafin Microsoft, a girka, a sake gwadawa.

Mataki na 3: A sauke babbar manhajar, a tantance ta

Ana raba babbar manhaja ne a fayil mai ƙarewa da .iso, wanda yake daidai da faifan DVD da aka mayar fayil guda. Ga mai farawa, Linux Mint ta fi dacewa, domin fuskarta ta yi kama da ta Windows: jerin manhajoji a kusurwar hagu ta ƙasa, agogo a dama. An fara ta a 2006, kuma a kan Ubuntu aka gina ta. Zubi na 22 yana da tallafin tsaro har zuwa 2029. Tana zuwa kala uku: Cinnamon, MATE da Xfce. Mai ƙarancin RAM ya zaɓi Xfce.

Mai riƙe da wayar Android ba baƙo ba ne ga Linux ko da bai sani ba, domin a kan ƙashin bayan Linux aka gina Android, wato wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a Finland a 1991.

Bayan an sauke fayil daga linuxmint.com, a tantance shi. Wannan ba ɓata lokaci ba ne. A watan Fabrairun 2016 masu kutse sun shiga shafin Linux Mint, suka karkatar da masu saukewa zuwa wani fayil da suka dasa wa ƙofar baya. Ban da haka, fayil mai girman 3GB da aka sauke da intanet mai yankewa yakan iya zuwa da tawaya, girkawa ta tsaya a tsakiya ba a san dalili ba.

Kowane fayil yana da wata doguwar lamba da ake kira SHA256, wadda take kamar zanen yatsa: ko harafi ɗaya aka canza a cikin fayil, lambar za ta canza gaba ɗaya. A buɗe PowerShell a foldar da fayil yake, a rubuta Get-FileHash, a ba da tazara, a rubuta sunan fayil ɗin, a danna Enter. Sai a gwada lambar da ta fito da wadda Linux Mint ta wallafa. Idan sun yi daidai, fayil ɗin lafiyarsa ƙalau. Idan sun saɓa, a goge shi.

Mataki na 4: A ƙirƙiri baƙuwar kwamfuta

A buɗe VirtualBox, a danna New. A rubuta suna, misali Mint, sannan a wajen ISO Image a nuna mata fayil ɗin da aka sauke. Manhajar za ta iya nuna shi a matsayin Ubuntu mai 64-bit. Hakan daidai ne.

Akwai wani akwati da ya shafi Unattended Installation, wato VirtualBox ta yi girkawar da kanta. Ya fi kyau a tsallake wannan. A wasu zubin ana saka alama ne a kan Skip, a wasu kuma ana cire alamar da ke kan Proceed. Yin girkawar da hannu yana koya wa mutum abin da ke faruwa, kuma yana kauce wa matsalar da wasu ke gamuwa da ita, inda asusun da aka ƙirƙira musu yake zuwa ba shi da ikon shugaba.

Wajen RAM, VirtualBox tana lissafi da MB ne: 2048 shi ne 2GB, 4096 shi ne 4GB. Ƙa'idar ita ce kada a wuce rabin abin da kwamfutar ke da shi. Ma'aunin yana da launin kore da ja, a tsaya a cikin kore. Wanda ya zari RAM da yawa don baƙuwa ta yi gudu, Windows ce za ta shaƙe, kuma idan mai masauki ya shaƙe baƙo ma ba zai motsa ba. Haka abin yake wajen masarrafa: mai ƙwaƙwalwa 4 ya ba da 2.

Sai ma'adana. A ba da 25GB zuwa 30GB, kuma kada a saka alama a kan Pre-allocate Full Size. Idan an bar shi haka, fayil ɗin ma'adanar, mai ƙarewa da .vdi, zai fara ƙarami ya riƙa girma gwargwadon abin da aka zuba masa. Abin lura shi ne ba ya raguwa da kansa idan an goge abubuwa daga ciki.

Kafin a kunna, a shiga Settings, a zaɓi Display, a ɗaga Video Memory zuwa 128MB. Sai a danna Start.

Mataki na 5: A girka Linux Mint

Wata taga za ta buɗe, Linux Mint ta tashi a cikinta. Abin da ake gani a wannan lokacin gwaji ne kawai daga fayil ɗin ISO, ba a girka komai ba tukuna, kuma duk abin da aka ajiye zai ɓace da an kashe. A danna alamar Install Linux Mint sau biyu.

Za ta tambayi harshe da tsarin kibod. Yawancin kwamfutoci English US ko English UK ne a jikinsu, a zaɓi wanda ya yi daidai da maɓallan. Linux tana da tsarin kibod na Hausa mai haruffan ƙ, ɗ da ɓ, kuma ana iya ƙara shi daga baya a saitin Keyboard. Sannan a saka alama a akwatin multimedia codecs domin bidiyo da sauti su yi aiki.

Daga nan sai a iso wurin da ke tsorata kowa: Erase disk and install Linux Mint, wato a goge ma'adana a girka Linux Mint. A cikin VM, ma'adanar da ake nufi ita ce fayil ɗin .vdi da aka ƙirƙira ɗazu, wanda babu komai a cikinsa. Baƙuwa ba ta ma ganin ainihin ma'adanar kwamfutar, balle ta goge ta. Wanda ke son ya tabbatar, ya duba saƙon da zai biyo baya ko jerin ma'adanai: zai ga girman da ya bayar, 25GB ko 30GB, da sunan VBOX HARDDISK. Amma a riƙe wannan da kyau: zaɓin nan a cikin tagar VirtualBox kaɗai yake da aminci. Wanda ya tayar da kwamfutar gaske daga filashi ya danna shi, Windows da duk abin da ke cikinta sun tafi.

Saura yankin lokaci, inda mazauna Najeriya za su zaɓi Lagos, mazauna Nijar kuma Niamey, sai suna da kalmar sirri. A zaɓi kalmar da ba za a manta ba, domin Linux tana neman ta duk lokacin da za a girka manhaja ko a canza wani babban saiti. Idan ta gama za ta nemi a sake kunnawa, ta ce a cire faifan girkawa a danna Enter. VirtualBox takan cire shi da kanta, Enter kawai za a danna.

Idan linzami ya maƙale a cikin tagar ya ƙi fitowa, a danna maɓallin Ctrl na hannun dama. Shi ne maɓallin mai masauki. Idan aka haɗa shi da F, baƙuwar za ta cika fuskar kwamfutar, a sake dannawa ta koma taga.

Mataki na 6: Gyare-gyaren bayan girkawa

Da farko fuskar za ta iya zama ƙarama, kuma abin da aka kwafa a Windows ba zai liƙu a Linux ba. Maganin wannan shi ne Guest Additions. A saman tagar, a danna Devices, a zaɓi Insert Guest Additions CD image, a yarda ya yi aiki, a shigar da kalmar sirri, sannan a sake kunna baƙuwar. Idan ya koka da rashin kayan aiki, a buɗe Terminal a rubuta wannan, sannan a sake gwadawa:

sudo apt install build-essential dkms

Bayan haka fuskar za ta riƙa bin girman tagar. A cikin Devices akwai Shared Clipboard; idan aka zaɓi Bidirectional, ana iya kwafar rubutu daga kowane ɓangare zuwa ɗayan.

Don musayar fayiloli, a ƙirƙiri folda guda ta musamman a Windows, a shiga Settings na VM, a zaɓi Shared Folders, a nuna ta, a saka alama a Auto-mount. A cikin Linux za ta bayyana da suna mai farawa da sf_. Idan ta ƙi buɗewa, a rubuta sudo adduser, sai sunan asusun, sai vboxsf, sannan a sake kunnawa. Kada a raba dukkan ma'adanar C ko foldar Documents. Duk foldar da aka raba, an ba baƙuwa mukullinta ke nan, kuma muguwar manhaja da ta shiga baƙuwar za ta iya lalata abin da ke ciki.

Sai abin da ya fi komai daɗi a VM, wato Snapshot. Hoto ne na halin da baƙuwar take ciki a wani lokaci. Da zarar an gama girkawa da sabuntawa, a shiga Machine, a zaɓi Take Snapshot, a ba shi suna. Duk ranar da wani gwaji ya ɓata tsarin, sai a kashe VM, a zaɓi hoton, a danna Restore, komai ya koma yadda yake cikin daƙiƙoƙi. Sai dai abu biyu: fayilolin da aka ajiye bayan ɗaukar hoton za su tafi tare da ɓarnar, kuma hotunan suna cin ma'adana idan sun taru. Haka nan Snapshot ba madadin ajiya ta biyu ba ne, domin a kan ma'adana ɗaya yake zaune da komai. Aiki mai muhimmanci a kwafe shi a wani wuri.

Intanet, data da kashewa

Baƙuwa tana samun intanet kai tsaye ta tsarin da ake kira NAT, wato tana bi ta bayan mai masauki. Ba sai an shigar mata da kalmar sirrin Wi-Fi ba. Amma akwai tarko a nan ga masu hotspot: ita baƙuwar tana ganin kamar an jona mata kebul ne, ba ta san data ake ƙirgawa ba. Ko da an gaya wa Windows ta yi tsimi, wannan saitin bai shafe ta ba. Idan ba a buƙatar intanet, a shiga Devices, a zaɓi Network, a cire alamar Connect Network Adapter. Wannan yana da muhimmanci musamman idan baƙuwar Windows ce, saboda tana sauke sabuntawa ba tare da tambaya ba.

Idan aka rufe tagar, VirtualBox tana ba da zaɓi uku. Save the machine state yana daskarar da komai, a ci gaba daga nan gobe. Send the shutdown signal kashewa ce ta ƙa'ida. Power off the machine kuwa daidai yake da fizge wayar wuta daga soket, kuma yana iya ɓata fayiloli. Kada a zaɓe shi sai baƙuwar ta sandare.

Matsalolin da aka fi gamuwa da su

Idan saƙo ya fito yana cewa VT-x ko AMD-V a kashe yake, a koma mataki na 1. Idan VM tana rarrafe kuma an ga alamar koren kunkuru a ƙasan tagar, to Hyper-V na Windows ne ya riga ta kama masarrafar. Ana iya kashe Hyper-V da Virtual Machine Platform a wajen Windows Features, da kuma Memory integrity a Windows Security. Amma a yi lissafi tukuna: Memory integrity kariya ce ga Windows, kuma kashe Virtual Machine Platform yana tsayar da WSL 2. Idan jinkirin bai yi tsanani ba, barin su ya fi.

Idan baƙin allo ne kawai ya fito, a duba Video Memory, a kashe 3D Acceleration. Idan fankar kwamfutar tana ihu, jikinta ya yi zafi, a ɗaga ta daga kan katifa ko filo zuwa tebur, a rage yawan manhajojin da ke buɗe.

Wanda ke son ɗora Windows 11 a matsayin baƙuwa, VirtualBox tana iya kwaikwayon TPM 2.0 tun daga zubi na 7.0 da ya fito a Oktoban 2022. Za ta buƙaci RAM 4GB da ma'adana 64GB aƙalla, kuma tana buƙatar lasisinta daban. Microsoft yana da kwafin gwaji na Enterprise mai aiki na kwana 90.

A kan waya fa?

Wannan ita ce tambayar da matasa suka fi yi. Yawancin wayoyi suna amfani da masarrafar ARM, alhali Windows ɗin da aka saba da ita an rubuta ta ne don masarrafar Intel da AMD. Manhajoji irin su Limbo a Android, wadda aka gina a kan QEMU, dole su fassara kowane umarni daga wannan harshe zuwa wancan. Shi ya sa tsohuwar Windows takan tashi a waya da ƙyar, sabuwa kuma ta gagara amfani, ga zafi da cin batir. A iPhone akwai UTM SE da ta shiga App Store a Yulin 2024, ita ma da irin wannan jinkiri.

Sai dai abubuwa sun fara canzawa. A Maris ɗin 2025 Google ya kawo wa wayoyin Pixel manhajar Linux Terminal, wadda ke tafiyar da Debian a cikin VM ta gaske. Ga sauran wayoyi akwai Termux, wadda ba VM ba ce, amma tana ba da damar koyon umarnin Linux a kan Android. Mai waya kaɗai zai iya farawa da ita kafin ya samu kwamfuta.

Iyakar kariyar VM

VM tana rage haɗari, ba ta kawar da shi gaba ɗaya. Wanda ya shigar da bayanan bankinsa a shafin 'yan damfara daga cikin VM, an sace su kamar yadda za a sace su a ko'ina. Ba ta kuma ɓoye mutum a intanet, domin da layinsa take fita. Lokaci-lokaci akan gano ɓarakar da muguwar manhaja za ta iya bi ta tsallaka zuwa mai masauki, shi ya sa sabunta VirtualBox yake da muhimmanci.

Masu sha'awar Kali Linux su kuma sani cewa gwada kayan kutse a kan na'urar wani ba da izininsa ba laifi ne, kuma a Najeriya dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci a kai. Hanyar koyo ta halal ita ce a ƙirƙiri VM biyu, a haɗa su ta Internal Network, a yi gwajin a tsakaninsu.

Ranar da aka gama da baƙuwa, sai a danna mata dama a jerin VirtualBox, a zaɓi Remove, a ce a goge dukkan fayilolinta. Sararin da ta cinye zai dawo, Windows kuma tana nan yadda aka same ta. Wanda ya ga Linux ta kwanta masa bayan makonnin gwaji, a lokacin ne zai yi tunanin ɗora ta a kan kwamfutar gaske, bayan ya kwashe duk fayilolinsa zuwa wata ma'adana ta waje.